BABI NA HUƊU: TARKEN JIGON YAFE WA WANDA BAI TUBA BA A LITTAFIN DESMOND TUTU

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin mulkin wariyar launin fata a ƙasar Afirka ta Kudu da yadda aka kawo ƙarshensa a shekarar 1994. A wannan babi kuwa za a ɗora littafin Desmond Tutu mai suna No Future Without Forgiveness (1999) a bisa faifan nazari domin a tarke babban jigonsa, wato yafiya. Sunan littafin ma kaɗai ya isa ya bayyana manufar marubucin, domin abin da yake nufi shi ne al'umma ba ta da makoma muddin mutanenta ba su yafe wa juna ba. Za a taƙaita nazarin a kan ɓangare guda wanda ya fi saura ɗaure kai, wato matsayin mai laifin da bai tuba ba, bai nuna nadama ba, wataƙila ma yana tinƙaho da abin da ya aikata. Shin wajibi ne Kirista ya ƙaunaci irin wannan mutum? In har ya ƙaunace shi, shin wajibi ne kuma ya yafe masa? Za a duba amsar da marubucin ya bayar da dabarun da ya bi wajen isar da ita, sannan a auna ta da ra'ayoyin sauran malaman Kirista domin a ga inda ta yi ƙarfi da inda ta yi rauni.

4.1 Marubucin da Dalilin Rubuta Littafin

An haifi Desmond Tutu a garin Klerksdorp a shekarar 1931, ya kuma rasu a birnin Kef Tawun a watan Disamba na 2021. Ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1984, sannan a 1986 ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin Babban Bishop na ɗariƙar Angilika a Kef Tawun. A shekarar 1995 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta samar da Hukumar Gaskiya da Sasantawa, Shugaba Nelson Mandela kuma ya naɗa Tutu ya shugabance ta. An ɗora wa hukumar alhakin binciken manyan laifuffukan take haƙƙin ɗan Adam da aka yi daga 1960 zuwa 1994. Ta fara zaman sauraron jama'a a watan Afrilu na 1996, ta karɓi bayanai daga mutane kimanin 21,000, ta kuma miƙa rahotonta mai juzu'i biyar a watan Oktoba na 1998.

Abin da ya fi shafar wannan nazari shi ne sharuɗɗan afuwa. Doka ta yarda a yi wa mai laifi afuwa idan ya fayyace dukkan abin da ya aikata ba tare da ɓoye komai ba, kuma ya tabbata cewa manufar siyasa ce ta sa shi aikatawa. Ba a sanya nadama ko neman gafara a cikin sharuɗɗan ba. Ke nan mutum yana iya tsayawa a gaban uwar da ya kashe wa ɗa, ya zayyana yadda ya yi kisan dalla-dalla, ya fita ba tare da ya ce ya yi kuskure ba, kuma doka ta kare shi daga tuhuma. Daga cikin mutum 7,112 da suka nemi afuwa, 849 ne suka samu. Littafin mai babi goma sha ɗaya ne, kuma ana iya ɗaukarsa a matsayin tarihin aikin hukumar daga bakin shugabanta, ana kuma iya ɗaukarsa a matsayin kariya ga wannan tsari da mutane da yawa suka ga bai yi musu adalci ba.

4.2 Fayyace Wasu Kalmomi

Kafin a shiga warwarar jigo, ya kamata a bambanta wasu kalmomi da akan cuɗanya. Harshen Hausa yana da wadatar da za ta taimaka a nan. Idan aka cuci Bahaushe, akwai matakai da yakan iya tsayawa a kansu. Yana iya cewa Allah ya isa, wato ya kai ƙara ga Mahalicci yana jiran sakayya. Yana iya cewa ya bar wa Allah, wato ya janye hannunsa daga ramuwa amma bai sauke haƙƙinsa ba. Yana iya cewa ya yafe duniya da lahira, wato ya sauke haƙƙin baki ɗaya. Bayan wannan kuma akwai sulhu, inda ake komawa ga gaisawa da cin abinci tare da amincewa da juna kamar dā. Ita kuwa afuwa a wannan babi ana nufin wadda hukuma take yi, wato ɗage hukuncin doka daga kan mai laifi.

Muhimmancin wannan rarrabewa shi ne kowane mataki yana da mai ikonsa. Barin ramuwa da sauke haƙƙi suna hannun wanda aka cuta. Sulhu ba ya yiwuwa sai da yardar mutum biyu. Afuwa kuwa tana hannun hukuma. Za a ga a gaba cewa yawancin saɓanin malaman Kirista, da ma raunin da ke cikin littafin Tutu, ya samo asali ne daga amfani da kalma ɗaya ta Ingilishi a wurin da Bahaushe zai yi amfani da kalmomi uku ko huɗu.

4.3 Ra'ayoyin Malaman Kirista

A kan batun ƙauna babu wani saɓani mai yawa. A Linjilar Matiyu 5:43-48 Yesu ya umurci mabiyansa su ƙaunaci magabtansu su kuma yi wa masu tsananta musu addu'a, ya kafa hujja da yadda Allah yake fito da rana ya kuma saukar da ruwa a kan nagari da mugu. Ba a gindaya sharaɗin tuba a wurin ba, domin da magabci ya tuba ai ya daina zama magabci. Haka kuma Agustin na Hippo, a wata wasiƙa da ya rubuta wa wasu mata masu zaman ibada a ƙarni na biyar, ya koyar da cewa a so mutum amma a ƙi zunubinsa. Wannan koyarwa ta bazu a tsakanin ɗariƙun Kirista.

A kan yafiya ne aka rabu gida biyu. Kashi na farko suna ganin yafiya ba ta jiran tuba. Hujjojinsu sun haɗa da Luka 23:34, inda Yesu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara alhali suna cikin aikin, da Ayyukan Manzanni 7:60, inda Istifanas ya yi irin wannan addu'a ga masu jifansa, da Markus 11:25, inda aka umurci mai addu'a ya yafe duk abin da yake riƙe da wani a kansa ba tare da an ambaci zuwan mai laifin ba. Suna kuma kawo Romawa 5:8, inda Bulus ya nuna cewa ƙaunar Allah ta riga tubar mutane. Lewis Smedes a littafinsa na 1984 ya ƙara wa wannan ra'ayi wata fuska, cewa mai yafiya kansa yake fara warkarwa.

Kashi na biyu suna ganin tuba sharaɗi ce. Babbar hujjarsu ita ce Luka 17:3-4, inda aka jero tsawatarwa da tuba kafin yafiya, da Matiyu 18:15-17, inda aka tsara matakan da za a bi da ɗan'uwan da ya ƙi sauraro har a kai ga ware shi daga jama'ar masu bi. Suna kuma cewa tunda Afisawa 4:32 ta ce a yafe kamar yadda Allah ya yafe, kuma 1 Yahaya 1:9 ta haɗa gafarar Allah da furta zunubi, to wanda ya yafe ba tare da tuba ba ya zarce misalin da aka ba shi. Jay Adams a 1989 da Nicholas Wolterstorff a 2011 suna cikin masu wannan ra'ayi. Tun kafin su, Dietrich Bonhoeffer, malamin Jamus da gwamnatin Hitila ta rataye a 1945, ya yi kakkausar suka a littafinsa na 1937 ga wa'azin gafarar da ba ta neman tuba, yana ganin araha ce ake yi da alherin Allah.

Akwai kuma masu tsayawa a tsakiya. John Calvin, a sharhinsa na Matiyu sura 18, ya kasa yafiya gida biyu: ta farko ita ce barin ramuwa da ci gaba da ƙauna, wadda ta wajaba ko da mai laifi ya taurare, ta biyu kuma ita ce mayar da shi matsayinsa na dā, wadda take jiran tuba. Miroslav Volf, ɗan ƙasar Kuroshiya, ya bi kusan wannan hanya a 1996, inda ya nuna cewa niyyar rungumar maƙiyi ba ta da sharaɗi, amma rungumar kanta ba ta cika sai an faɗi gaskiya an kuma yi adalci.

4.4 Warwarar Jigo

Tutu ya ajiye amsarsa kai tsaye har zuwa babin ƙarshe. A can ya nuna cewa amsa laifi yana sauƙaƙa wa mai son yafiya ƙwarai, amma ba dole ne sai da shi ba. Ya kafa hujja da addu'ar Yesu a kan gicciye, sannan ya kawo dalili na hankali, cewa idan sai mai laifi ya tuba za a iya yafe masa, to wanda aka cuta ya zama fursunan son ran macucinsa ke nan, domin mabuɗin yana hannun macucin. Ta wannan fuska Tutu yana cikin kashi na farko.

Sai dai bai tsaya a nan ba. Ya ci gaba da nuna cewa mai laifi ba zai amfana da yafiyar da aka yi masa ba sai ya amsa laifinsa, kuma amsa laifi ba ta da ƙima sai an biyo ta da gyaran ɓarna. A nan kuma ya matso kusa da Calvin. Ke nan gundarin jigon littafin shi ne: bayar da yafiya ba shi da sharaɗi, karɓarta tana da sharaɗi, sulhu kuma yana bukatar biyan diyya.

Ƙarƙashin wannan akwai ƙananan jigogi biyu da suke tallafa masa. Na farko shi ne aƙidar ubuntu, wadda take nuna cewa mutum ba ya zama mutum sai ta hanyar sauran mutane. Bisa wannan aƙida, macuci ya zubar da mutuncin kansa a lokacin da yake zubar da na wani, don haka shi ma abin tausayi ne. Na biyu shi ne ƙin kiran kowane mai laifi dodo ko shaiɗan. Marubucin ya nuna cewa aiki yana iya zama na dodanni, amma mai aikin yana nan a matsayin ɗan Adam, domin in aka ce dodo ne to an sauke masa alhakin abin da ya yi, an kuma yanke ƙauna daga tubarsa. Wannan ita ce tsohuwar koyarwar Agustin a cikin sabuwar riga.

4.5 Salon Isar da Jigo

Babbar dabarar marubucin ita ce kafa hujja da labari. Maimakon ya jero ayoyi da ra'ayoyin malamai, sai ya riƙa kawo mutane a gaban mai karatu. Ya kawo labarin Marietta Jaeger, wata Ba'amurkiya da aka sace wa 'ya mai shekara bakwai a jihar Montana a 1973. Bayan shekara guda wanda ya sace yarinyar ya bugo mata waya domin ya ƙara mata baƙin ciki, amma ta yi masa magana cikin tausayi, wannan hira kuwa ta taimaka wajen gano shi. Ya kawo iyayen Amy Biehl, ɗalibar Amurka da aka kashe a unguwar Gugulethu a 1993, waɗanda ba su yi adawa da afuwar da aka yi wa samari huɗu da aka ɗaure saboda kisanta ba. Ya kuma kawo 'yar ɗaya daga cikin mutanen nan huɗu na garin Cradock da jami'an tsaro suka kashe a 1985, wadda ta nuna cewa iyalinta suna son su yafe amma ba su san wanda za su yafe wa ba.

Dabara ta biyu ita ce kwatance da abubuwan yau da kullum, irin na mai wa'azi. Ya kwatanta mai laifin da bai tuba ba da mutumin da ke zaune a ɗaki mai duhu da zafi, taga a rufe, labule a sauke, alhali haske da iska suna nan a waje suna jiran ya buɗe. Ya kuma kawo misalin wanda ya saci alƙalami ya zo yana neman gafara amma bai mayar da alƙalamin ba. Irin wannan shi Hausawa suke kira tuban muzuru. Waɗannan misalai biyu su ne ginshiƙan hujjar littafin, kuma sauƙinsu ya sa mai karatu ba ya mantawa da su.

Dabara ta uku ita ce raha da nuna raunin kai. Marubucin bai ɓoye yadda kuka ya ci ƙarfinsa a farkon zaman hukumar ba. Wannan ya sa mai karatu yana jin cewa mai kiran a yafe ya san nauyin abin da yake nema.

4.6 Inda Hujjar Ta Yi Ƙarfi

Idan aka duba da idon basira, za a ga cewa dalilin da Tutu ya kawo game da mabuɗi yana da wuyar turewa. Macuta da yawa sun mutu, wasu ba a san su ba, wasu kuma ba za su taɓa tuba ba. Idan aka ce uwar da ba ta san wanda ya kashe ɗanta ba ba ta da ikon sauke nauyin da ke zuciyarta sai ya zo, to an ƙara mata zalunci a kan zalunci. Masu sharaɗin tuba sukan amsa da cewa tana iya barin ɗacin rai ba tare da an kira wannan yafiya ba. Amma wannan amsa ta mayar da saɓanin ya koma na suna kawai, tunda duka ɓangarorin sun yarda a kan abin da ya kamata ta yi.

Na biyu, marubucin ya yi gaskiya da ya nuna cewa sanya nadama a cikin sharuɗɗan doka zai haifar da ƙarya. Mutumin da yake fuskantar ɗaurin shekaru zai iya zubar da hawaye a duk lokacin da aka bukata, kuma alƙali ba shi da ma'aunin zuciya. Gaskiyar bayani kuwa ana iya gwada ta da shaidu da takardu da ramukan da aka tono gawawwaki.

Na uku, yadda Tutu ya bi da P. W. Botha ya nuna cewa ƙaunar da yake magana a kanta ba ta hana tsawatarwa ba. Botha ya shugabanci ƙasar daga 1978 zuwa 1989, ya kuma ƙi bayyana a gaban hukumar. Tutu ya tafi ya same shi a 1996 ya lallashe shi cikin girmamawa. Da ya ci gaba da taurin kai, hukumar ta kai shi kotu, aka same shi da laifin ƙin amsa sammaci a 1998, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1999. A cikin kotun ma Tutu ya sake roƙonsa ya nemi gafarar waɗanda manufofin gwamnatinsa suka cutar. Botha ya rasu a 2006 ba tare da ya amsa wannan kira ba. A nan an ga ƙauna da tsawatarwa da neman hukunci suna tafiya tare, kuma wannan shi ne wurin da aikin marubucin ya fi dacewa da koyarwar Luka 17 da ta Matiyu 5 a lokaci guda.

4.7 Inda Hujjar Ta Yi Rauni

Rauni na farko shi ne dogaro da Luka 23:34 fiye da yadda ayar za ta iya ɗauka. Abin da ke cikinta addu'a ce zuwa ga Allah, ba sanarwa ce ga masu laifin cewa an gama yafe musu ba. Haka kuma an haɗa addu'ar da uzurin rashin sani, alhali yawancin waɗanda suka azabtar da fursunoni a Afirka ta Kudu sun san abin da suke yi. Bugu da ƙari, a Ayyukan Manzanni 3:17-19 Bitrus ya yarda cewa mutanen Urushalima sun yi abin cikin jahilci, amma duk da haka ya kira su ga tuba. Daɗin daɗawa, wannan addu'a ba ta cikin wasu daga cikin tsofaffin rubutattun kofe na Linjilar Luka. Marubucin bai tsaya ya tunkari waɗannan abubuwa ba, bai kuma yi wa Luka 17 adalcin da ya kamata ba.

Rauni na biyu, wanda ya fi girma, shi ne kusantar da afuwar hukuma da yafiyar wanda aka cuta har mai karatu ya riƙa ɗaukarsu abu ɗaya. Afuwar da doka ta bayar ta rufe ƙofar tuhuma da ta neman diyya a kotu, ko wanda aka cuta ya yarda ko bai yarda ba. Iyalan Steve Biko da na lauya Griffiths Mxenge sun ƙalubalanci wannan a Kotun Tsarin Mulki, amma a 1996 kotun ta tabbatar da dokar. An yi wa Dirk Coetzee afuwa a 1997 a kan kisan Mxenge duk da adawar iyalinsa. Waɗannan iyalai ba ramuwa da hannunsu suka nema ba, shari'a suka nema, kuma Romawa sura 13 ta ba hukuma wannan aiki nan da nan bayan sura 12 ta hana mutum ramuwa. Littafin ya ba masu yafiya fili mai faɗi da yabo mai yawa, ya bar masu neman shari'a a gefe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan shugaban hukuma yana sanye da rigar bishop yana jinjina wa duk wanda ya yafe, to wanda bai shirya ba zai ji kamar imaninsa ne ya gaza, yafiyar da aka yi don jin kunya kuwa ba ta kai zuci ba.

Rauni na uku ya bayyana a zaman da aka yi da Winnie Madikizela-Mandela a ƙarshen 1997 game da laifuffukan masu tsaronta, ciki har da kisan yaro Stompie Seipei mai shekara 14. Bayan ta musanta zarge-zargen, Tutu ya roƙe ta a bainar jama'a har ta furta cewa abubuwa sun lalace kuma ta yi baƙin ciki. Marubucin ya kare wannan da cewa ba a kashe fitilar da ke shirin mutuwa. Amma a nan akwai tufka da warwara. In tuba ba sharaɗi ba ce, me ya kawo naci wajen tatso ta? In kuma tana da muhimmanci haka, yaya za a gamsu da 'yan kalmomin da ba su ambaci wani laifi takamaimai ba? Wannan ya nuna cewa a aikace marubucin ya fi bukatar tuba fiye da yadda hujjarsa ta nuna.

Rauni na huɗu ya shafi misalin alƙalami. Tun a 1985 wasu malaman Kirista na ƙasar suka fitar da Takardar Kairos, inda suka yi gargaɗi cewa babu sulhu na gaskiya in babu adalci da tuba. Hukumar ta ba da shawarar a riƙa biyan waɗanda aka cuta kuɗi duk shekara har shekara shida, amma a 2003 gwamnatin Thabo Mbeki ta biya kowannensu Rand 30,000 sau ɗaya tak. Yawancin waɗanda aka hana afuwa kuma ba a gurfanar da su ba, ciki har da 'yan sandan da aka hana afuwa a 1999 a kan mutuwar Biko. Ba za a ɗora wa littafin da aka buga a 1999 laifin abin da ya faru bayansa ba, kuma marubucin da kansa ya yi gargaɗi a kan jinkirin diyya da kuma giɓin da ke tsakanin mai shi da maras shi. Duk da haka, tarihi ya nuna cewa tsarin ya ba mai laifi rabonsa nan take, ya bar wanda aka cuta da alkawari. An yafe, amma alƙalamin bai dawo ba. Irin wannan ya faru a Nijeriya da Hukumar Oputa, wadda aka kafa a 1999 bisa koyi da ta Afirka ta Kudu, inda tsofaffin shugabannin soja uku suka ƙi bayyana, gwamnati kuma ba ta fitar da rahoton da aka miƙa mata a 2002 ba.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa malaman Kirista sun haɗu a kan wajabcin ƙaunar mai zunubi ko da bai tuba ba, sun kuma rabu a kan yafe masa. An ga cewa Tutu ya ɗauki matsayin cewa bayar da yafiya ba ta jiran tuba, amma karɓarta da sulhu suna jira, kuma ya isar da wannan ta hanyar labarai da kwatance masu kama zuciya. Nazarin ya gano cewa hujjarsa ta tsaya da ƙafafunta a kan abin da ya shafi zuciyar mutum guda da macucinsa, domin ta mayar wa wanda aka cuta ikon da aka ƙwace masa. Ta yi rauni ne a lokacin da aka ɗauke ta daga zuciya aka shimfiɗa ta a kan doka da siyasar ƙasa, inda wani yake yafewa a madadin wani.

Bisa matakan da aka fayyace a 4.2, ana iya cewa abin da nassoshin suka fi wajabta wa Kirista game da wanda bai tuba ba shi ne barin ramuwa, da yi masa fatan alheri, da barin ƙofa a buɗe. Sauke haƙƙi baki ɗaya kyauta ce da mai haƙƙi kaɗai yake da ikon bayarwa a lokacin da ya shirya. Sulhu yana jiran mai laifi ya tako, hukunci kuma yana nan a wuyan hukuma. Da marubucin ya bambanta waɗannan matakai tun daga farkon littafin kamar yadda ya fara yi a babin ƙarshe, da iyalan da suka nemi shari'a sun sami wurin zama a cikinsa daidai da waɗanda suka yafe. A babi na gaba za a duba yadda marubucin ya sarrafa harshen wa'azi da na siyasa wajen gina taurarin littafin.